Babi na Bakwai: Cocin da Fatake Suka Gina a Tamale

Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Dakta Kofi Abrefa Busia, wadda ko wata biyu ba ta cika a kan mulki ba, ta fitar da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya nemo ta cikin mako biyu, in ba haka ba ya bar Gana. Wa'adin zai cika ranar 2 ga Disamba. Akasarin baƙin da ake nufi ba su taɓa riƙe irin wannan takarda ba, domin lokacin da iyayensu suka shigo ƙasar babu mai tambayar ta. A kasuwar Tamale sai aka shiga karyar da kaya. Mai atamfa ya sayar da bandir a farashin da ko kuɗin sari bai kai ba, mai gida ya nemi wanda zai bar wa makulli, tasha ta cika da iyalai zaune a kan ƙunshin kayansu suna jiran motar da za ta nufi iyakar Togo.

Cikin masu tafiyar akwai wata ƙaramar jama'a da matsalarta ta wuce ta rumfa da gida. Su ne Yarbawa Kiristoci 'yan ɗariƙar Baptis, masu majami'ar da ake kira First Baptist Church a garin. Ɗan Katolika in zai bar gari ba ya tunanin wa zai bar wa coci, domin akwai bishof, kuma bishof zai turo wani fada. Su waɗannan ba su da bishof. Bisa tsarin ɗariƙarsu, masu cocin su ne mutanen da ke zama a kan bencinsa ranar Lahadi. To ga masu cocin nan sun ɗaure kaya gaba ɗaya.

Sai an fahimci wannan tsari kafin labarin ya zauna, don haka bari mu ɗan leƙa Ingila. A ƙarshen ƙarni na 16 wasu Kiristocin ƙasar suka ƙi yarda sarki ko bishof ya naɗa musu limami. Wani malami, Robert Browne, ya wallafa hujjojinsu a 1582: kowace ikilisiya, wato taron masu bi na wuri guda, ita ke zaɓen fastonta, ita ke riƙe kuɗinta, ita ke karɓar mutum ko ta sallame shi, kuma babu wata kujera a wani birni da za ta soke abin da taron ya yanke. Daga nan aka sami cocin da Turawa ke kira Congregational. Wasu daga masu irin wannan ra'ayi su ne suka shiga jirgin ruwan Mayflower zuwa Amurka a 1620. 'Yan Baptis 'yan uwansu ne na jini. Sun ɓullo a 1609 a birnin Amsterdam cikin Ingilishi masu gudun hijira, a ƙarƙashin John Smyth, suka riƙe tsarin mulkin ikilisiya kamar yadda yake, suka ƙara da cewa ba a yi wa jariri baftisma, sai babba wanda ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Masu sunan Congregational ɗin sun fi karkata zuwa kudancin Afirka da Madagaska ta hannun ƙungiyar mishan ta Landan da aka kafa a 1795, wadda ta aika su Robert Moffat da David Livingstone. A yammacin Afirka kuwa 'yan Baptis ne suka kawo wannan tsari, kuma hanyar da ya biyo ya iso Tamale ba ta teku ba ce. Daga Ogbomosho ya taho, cikin kayan 'yan kasuwa.

Tamale kanta ba tsohuwar alkarya ba ce. Tsofaffin manyan garuruwan yankin su ne Yendi, gidan Ya Na sarkin Dagombawa, da Salaga ta ƙasar Gwanja, inda fataken Kano da Katsina suka shafe ƙarnoni suna sauke jakuna don sayen goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa zangonta. A 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar Dagomba biyu, Yendi ta faɗa hannun Jamus. Ingilishi suka rasa babban gari a nasu ɓangaren, sai a 1907 suka ɗauke hedikwatar Jihohin Arewa daga Gambaga suka kawo ta Tamale, wadda tarin ƙauyuka ce kawai a lokacin. Inda aka kafa bariki kuwa, can albashi yake, can kuma ɗan kasuwa ke bi. Hausawa suka zo, Mosawa suka zo, daga baya Yarbawa suka biyo.

Mai karatu na iya zaton inda Bature ya kafa mulki, ɗan mishan na biye da shi. A arewacin Gana, kamar a arewacin Nijeriya, ba haka abin ya tafi ba. Jami'an mulkin mallaka ba sa son abin da zai ɓata tsakaninsu da sarakuna, don haka suka riƙa taka wa 'yan mishan birki. Fada-fadan Katolika da suka gangaro daga Wagadugu a 1906 a Navrongo aka bar su suka zauna, can kusa da iyaka, nesa da hedikwata, kuma sai a 1946 suka buɗe tasha a Tamale. 'Yan Methodist sun gwada zama a garin gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba su yi shiri da hukuma ba, cikin 'yan shekaru suka tattara. 'Yan mishan na Basel sun buɗe tasha a Yendi a 1913, yaƙi ya rufe ta a 1916. A 1931 Lloyd Shirer da matarsa Margaret na Assemblies of God suka shigo Yendi daga ƙasar Mosi, daga can aikinsu ya kai Tamale. Kowanne daga waɗannan sai da ya nemi izini, ya jira amsa. Shi kuwa Bayarabe mai tallar atamfa babu wanda ya tambaye shi abin da ke ƙarƙashin kayansa, ko da Littafi Mai Tsarki ne na Yarbanci.

Wani Baturen Ingila masanin zamantakewa, J. S. Eades, ya bi diddigin Yarbawan Tamale, kuma ƙaddara ta sa bincikensa ya faɗa daidai lokacin korar, har ya bi su garuruwansu na asali. Littafinsa mai suna Strangers and Traders ya nuna cewa yawancinsu daga garuruwa huɗu suka fito, duk a arewacin ƙasar Yarbawa: Ogbomosho, Shaki, Igboho da Igbeti. Waɗannan garuruwan daji ne na fako, ba sa noman koko, don haka saurayi mai neman kuɗi dole ya fita. Yadda suke yi, duk Bahaushen da ya san harkar fatauci zai gane shi. Mutum ya zo ya kafu, sai ya koma gida ya ɗauko ƙane ko ɗan ɗan'uwa ya zama yaronsa. Yaron ya yi shekaru yana kai kaya kasuwannin ƙauye a kan keke, ba albashi, sai ci da sutura. In lokaci ya yi, maigida ya yi masa aure, ya ba shi jari, shi ma ya je ya ɗauko wani. Matan ma ba a zaune suke ba, kusan kowacce na da teburinta. Kowane gari yana da ƙungiyarsa, wadda suke kira parapo, mai sasanta rigima, mai tara kuɗin aikin gayya a gida, mai binne mamaci.

Da yawansu Musulmi ne, kuma sun yi nasu masallaci. Kiristocin cikinsu kuwa kusan ba sai an tambayi ɗariƙarsu ba, saboda tarihin garuruwansu. Thomas Jefferson Bowen, ɗan mishan na Baptis daga kudancin Amurka, ya iso ƙasar Yarbawa a 1850, ya zauna a Ogbomosho a 1855, garin ya zama cibiyar ɗariƙar, da makarantar horar da fastoci da asibiti. Yarbawan Baptis kuma tun da wuri suka nuna cewa sun ɗauki maganar mulkin ikilisiya da gaske. A 1888 jama'ar cocin Legas suka ɓalle daga hannun Bature ɗan mishan a kan yadda ya yi wa fastonsu Moses Ladejo Stone, suka kafa nasu. A 1914 aka haɗa ikilisiyoyin cikin ƙungiya guda a Ibadan, wadda a 1919 ta koma Nigerian Baptist Convention. Saboda haka ɗan kasuwar da ya taso daga Ogbomosho ya riga ya san cewa ba sai da Bature ake yin coci ba, ba ma sai da fasto ba. In an sami mutum biyar da wanda ya iya karatu, an sami abin farawa.

Haka ikilisiyoyin Baptis na Yarbawa suka tsiro a Kumasi, da Sekondi, da Akra, da Tamale, tun kafin ko ɗan mishan ɗaya na ɗariƙar ya taka ƙasar. Yadda irin wannan coci ke tashi sananne ne. Ana farawa a ɗakin wani dattijo, ana karatu da waƙa da addu'a. Jama'a in ta ƙaru a nemi fili, a yi rumfa, daga baya a ja katanga a kafa kwano, kuɗin kuma daga baiko da zakka da gudummawar 'yan kasuwa yake fitowa. Ana zaɓen shugaba, da magatakarda, da ma'aji. In wata magana ta taso, a tara ikilisiya bayan sujada a tattauna a ɗaga hannu. Fasto in ana son sa, sai a rubuta wasiƙa Nijeriya a roƙa, kuma jama'a ce za ta biya shi.

Na daɗe ina ganin cewa Musulmin zango ya fi kowa saurin fahimtar wannan coci, domin haka masallacin unguwarsa ya tashi. Babu wata hukuma a Makka ko Sakkwato da ta aiko da zanen gini. Fatake ne suka sauka, suka shata wuri da duwatsu, wani attajiri ya sayi kwano, jama'a suka dubi wanda ya fi su karatu suka ce ya shige gaba. Ina girmama wannan irin gini ƙwarai, na coci ne ko na masallaci, saboda kowane bulo a jikinsa akwai wanda ya hana kansa wani abu kafin a saye shi. Amma wanda ya san zango ya san ɗaya fuskar ma. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Inda babu babba a sama da zai tsawatar, rigimar shugabanci ko ta garinmu da garinku kan ƙare da wasu su ɗauki tabarmarsu su koma gaba. Yarbawan Baptis na Tamale ba su tsira daga wannan ba, har garin ya zama yana da coci na ɗaya da na biyu.

Sai a 1947 aka turo ɗan mishan na farko, Ba'amurke H. R. Littleton da matarsa, kuma daga Nijeriya aka ɗauko su zuwa Kumasi bisa roƙon ikilisiyoyin Yarbawan. Wato a nan jama'a ce ta riga, ɗan mishan ya biyo baya bisa gayyata. Abin da ya tarar shi ne majami'u masu rai, masu biyan kuɗinsu, amma waɗanda ɗan ƙasa ba ya shiga. Karatu da Yarbanci, wa'azi da Yarbanci, waƙa da Yarbanci, sanarwa da Yarbanci. Bayaraben Tamale yana jin Hausa, domin da ita ake ciniki, da yawa kuma suna jin Dagbani, musamman masu zuwa kasuwannin ƙauye da 'ya'yan da aka haifa a can. Harshen bai gagare su ba. Abin da ya faru shi ne cocin ya zame musu gida a baƙon wuri, inda mutum zai ji labarin garinsu, ya sami wanda zai ba saƙo, ya ga yarinyar da za a nema wa ƙanensa. Wanda ya shafe kwana shida yana magana da bakin wasu, ranar Lahadi yana so ya yi addu'a da bakin uwarsa. Ban ga laifinsu a wannan ba. Sai dai abin yana da farashi, kuma ranar biya tana tafe.

'Yan mishan ɗin sun hango haka, suka fara juyawa wajen 'yan ƙasa. A 1958 aka buɗe asibitin Baptis a Nalerigu, garin Nayiri sarkin Mamprusi, a ƙarƙashin Dakta George Faile, kuma har yau mutane na zuwa can neman magani daga ƙetaren iyakar Togo da Burkina Faso. A Tamale aka kafa makarantar horar da fastoci don 'yan Arewa. A 1964 ikilisiyoyin suka fita daga ƙarƙashin Nijeriya suka tsaya da ƙafarsu da sunan Ghana Baptist Convention, ko da yake suna ne ya sauya, masu cika benci da masu riƙe asusu har lokacin Yarbawa ne.

A daidai waɗannan shekaru wani fasto ɗan Sikotland, Tom Colvin, yana aiki a Tamale tare da cocin Presbyterian, daga 1959 zuwa 1964. Shi ya ɗauki wata hanya dabam: ya riƙa sauraron waƙoƙin mutanen ƙauye, yana aza kalmomin ibada a kan karinsu. Ɗaya daga cikin karin da ya samo yana ɗauke da sunan garin Chereponi, kuma yau yana cikin littattafan waƙoƙin coci a Amurka da Birtaniya. Daga baya Colvin ya yi hidima a Landan a cocin United Reformed, wanda aka kafa a 1972 da haɗewar 'yan Presbyterian na Ingila da 'yan Congregational. Na kawo shi ne don a ga cewa a gari ɗaya, a lokaci ɗaya, wani na ɗaukar karin Arewa yana kaiwa duniya, wasu kuma na rera waƙar gida a tsakaninsu ƙofa a rufe.

Korar 1969 ba daga sama ta faɗo ba. Ƙidayar 1960 ta nuna cewa kusan mutum 12 cikin 100 na mazaunan Gana 'yan asalin wata ƙasa ne. Muddin koko na da daraja babu wanda ya damu sosai. Da farashinsa ya faɗi a tsakiyar shekarun 1960, kaya suka yi wuya, aiki ya yi ƙaranci, sai ido ya koma kan mai rumfa, wanda ake kira Alata ko Anago. Tun ma kafin nan gwamnatin Nkrumah ta nuna cewa baƙo raɓa ne, lokacin da a 1957 ta kori Alhaji Amadu Baba, jigon zangon Kumasi, zuwa Nijeriya saboda siyasa. Umarnin Busia bai bambance Musulmi da Kirista ba, bai kuma tsaya kan Yarbawa ba. Ya haɗa da Hausawa, da Zabarmawa, da Mosawa, da mutanen Togo. Akwai iyalai a Kano da Sakkwato da Yamai da har yau in an ambaci Busia sai fuskar dattijonsu ta sauya. Bahaushen zango dai wani lokaci yakan iya sajewa, domin kakansa ma a Salaga ko Yendi aka haife shi, kuma auratayya ta haɗa shi da 'yan ƙasa. Bayarabe, wanda ke aure a gida yana kuma gina gida a gida, ya fi fitowa fili. A 1970 aka ƙara da dokar da ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa, wadda ta toshe hanyar dawowa ga masu sa ran ƙura za ta lafa.

Cikin 'yan makonni ɗariƙar Baptis ta Gana ta rasa mafi yawan mutanenta. A garuruwa da dama majami'u suka zama kango, ga benci ga mumbari babu mai sujada. Waɗanda suka rage su ne 'yan tsirarun 'yan ƙasa da suka shigo ta hanyar makaranta ko asibiti ko wa'azin 'yan mishan, da ɗaliban da ake horarwa. A wuyansu nauyin ya sauka, ba shiri. A nan ne tsarin da ya sa cocin ya zube cikin sauri ya kuma ba shi hanyar tashi. Tunda ba a buƙatar wani ya zo daga nesa ya naɗa shugaba, mutum goma da suka rage suna iya taruwa, su zaɓi ma'aji, su yanke cewa daga yau da Turanci ko Dagbani ko Twi za a yi wa'azi, kuma hukuncinsu ya zauna. Abin da shekaru 20 na lallashin 'yan mishan bai kawo ba, tilas ta kawo shi. Ba na faɗin haka don in wanke Busia. Zalunci ne aka yi wa mutanen da suka shafe rayuwarsu a ƙasar, kuma alherin da ya biyo baya aikin waɗanda suka rage ne, ba na wanda ya sa hannu a takarda ba.

Yau First Baptist Church na nan a Tamale, garin da galibin mutanensa Musulmi ne, inda kiran salla daga babban masallaci da na Anbariyya, wanda Afa Ajura ya assasa, ke ratsa unguwanni tun asuba. Kiristocin garin haɗin gambiza ne na ma'aikata daga Kudu, da Dagartawa da Frafra da Konkomba da sauran ƙabilun Arewa, da 'yan Dagombawa kaɗan. A Tamale ne kuma cibiyar GILLBT take da mazauni, wadda aikinta shi ne rubuta harsunan Gana, da koyar da karatu da su, da fassara Littafi Mai Tsarki a cikinsu. Batun harshe da ya kusa kashe cocin fatake ya zama sana'ar wata ma'aikata sukutum a garin.

Su kuwa waɗanda suka tafi, sun isa Ogbomosho da Shaki da Igboho da Igbeti da abin da mota ta iya ɗauka. Wasu sun tarar da gidajen da suka gina da kuɗin Gana, wasu sai ɗakin dangi. Yaran da aka haifa a Tamale suka sauka a garin da ake ce musu nasu ne, bakinsu cike da Hausa da Dagbani. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: a Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda irin wannan wa'adi na mako biyu, 'yan Gana kusan miliyan guda suka kama hanyar gida, jakar da suka zuba kaya a ciki ta samo sunan da har yau ake kiran ta da shi a kasuwanninmu. Amma tun kafin wannan, da yawa daga mutanen Tamale ba su iya zaman gida ba. Garuruwan da ba su riƙe iyayensu ba, su ma ba su riƙe su ba. Suka sake ɗaure kaya, wasu Legas da Ibadan, wasu kuma Arewa, inda Hausar da suka koya a kasuwar Tamale ta yi musu rana. A Jos, da Kaduna, da Sabon Garin Kano da na Zariya, Kiristocin cikinsu suka tarar da majami'u masu suna iri ɗaya da wadda suka baro, waɗanda wasu fataken garuruwansu suka gina tun zamanin da ake shimfiɗa layin dogo.